Kuɗin Shara

Ɗan kawu, watan cika-ciki ya kama, ka kuma san abin da ke biye da shi. Tun muna yara kake bugun ƙirji wai ku 'ya'yan namiji iyayengiji ne, mu 'ya'yan mace bayi. Ban taɓa musa maka ba, don na san inda zancen yake ƙarewa: bawa ya yi shara, ubangida ya sa hannu a aljihu. Shekara da shekaru kana sallamata da canjin da ko ƙosai ba ya saye, ina karɓa ina godiya, domin tsakani da Allah ban share komai ba. Bana kuwa na yi shara ta gaske, kwana tara ina sunkuye har bayana ya riƙe. Shi ya sa na kawo lissafin cikin mujalla, inda Kawu zai gani, don na san shi ko tallan sabulu ba ya tsallakewa.

Ga waɗanda ba su san shi ba, wannan taubashin nawa shi ne wanda dangi ke kira Injiniya, ko da yake har yau ba a taɓa ganin ya gyara ko tocila ba. Shi ya gina wa wata makarantar kuɗi shafin intanet inda iyaye ke biyan kuɗin zango, su kuma duba sakamakon 'ya'yansu. Da bikinsa ya matso sai ya kira ni, murya ƙasa-ƙasa kamar mai neman rance, wai akwai ɗan gyara na minti goma. Wani uba ne ya kawo ƙara: shafin rajista ya karɓi lambar wayarsa, shafin biyan kuɗi kuma ya ce bai san wannan lamba a Najeriya ba. Da 091 ta fara. "Ka ƙara 091 a jerin kawai," in ji ango, ya kashe waya ya nufi wajen tela.

Na buɗe aikin naka da bismillah, na rufe da innalillahi.

Abin da ke duba lambar waya ɗan kod ne na JavaScript, layi 12, ba wani abin a-zo-a-gani ba. Ya ƙirga ya ga lambobi 11 ne, ya dubi ukun farko, shi ke nan. Mai hankali wuri ɗaya zai ajiye shi, duk shafin da ke da bukata ya kira shi. Kai kuwa ka kwafe shi ka liƙa a cikin kowane shafi, har shafi 31, kamar mai rabon goron ɗaurin aure, kowa sai ya sami nasa. Lokacin da layukan 090 suka fito ka bi ka gyara 19, ka gaji. Da 091 ta zo ka gyara huɗu, aka kira sallah, ba ka dawo ba. Akwai shafi ɗaya, na neman takardar canjin makaranta, wanda har yanzu 080 kaɗai ya sani. Yana nan zaune a 2001, zamanin da layin waya sai mai hali. Da na jera su gefe da gefe, kod ɗaya ya zama iri shida, kuma kowanne yana rantsuwa shi ne na asali.

Ban yi mamaki sosai ba, don na san ɗakinka na soro lokacin samartaka. Na tuna ranar da Kawu ya aike mu ɗauko takardar haihuwarka, muka same ta a cikin kwanon sha, ƙarƙashin safa ɗaya da batirin rediyo da ya fara zubar da ruwa. Buta a kan katifa, littafin lissafi a bayan ƙofa yana tare iska. Kana tsaye kana cewa kai ka san inda komai yake. Haka ka ce mini a waya ma da na kira ka daga cikin shafukan nan. Gini da fenti da yaron aike duk ka zuba su a tukunya ɗaya: tsarin shafi na HTML, adon CSS, umarnin JavaScript, ga PHP yana leƙowa ta kowace kafa. Fayil ɗin biyan kuɗi kaɗai ya haura layi dubu biyu. A tsakiyarsa na tarar ka rubuta wa kanka wasiyya: "kar a taɓa nan, yana aiki." Ba ya aiki, ranka ya daɗe.

Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Naka kayan kuwa sauke mu raba shi ne kaɗai gyaransa. Sai na ɗauki tsintsiya.

Kada ka ce wani sabon yayi na kawo maka. Brendan Eich ya tsara harshen JavaScript a kamfanin Netscape a 1995, cikin kwana goma, abin da kai ka shekara uku kana dagulawa. Shekara ɗaya bayan nan, a 1996, burauzar Netscape ta uku ta riga ta iya ɗauko kod daga fayil na daban, mutum ya rubuta sunan fayil ɗin kawai da haruffa ukun nan, src. Lokacin kana goye kana cin ƙasa. A 2007 Steve Souders, wanda a lokacin yake kula da saurin shafukan Yahoo, ya fitar da littafi mai dokoki 14 na sa shafi ya yi sauri, ta takwas ɗinsu ita ce a fitar da JavaScript da CSS waje. Wato maganar ta girmi gemunka, ta girmi digirinka.

Dalilin farko ko Inna za ta gane shi, ita da ke lissafin data kamar lissafin gishiri. Burauza tana da ɗan rumbu. In ta sauke fayil sau ɗaya sai ta ajiye, gobe in wani shafi ya nemi fayil ɗin ba sai ta koma kasuwa ba. Ko ta je ta tambayi saba, wato kwamfutar da shafin ke zaune a cikinta, in abin bai canza ba amsar da za a ba ta gajeriya ce, lamba 304, ma'ana na hannunki shi ne, koma gida. Amma kod ɗin da aka cusa a cikin shafi ba shi da sunan kansa balle a ajiye shi, duk sanda aka sauke shafin sai an sake jido shi. Kai kuma ba ƙananan kaya ka cusa ba. Ka kwafi tarin kod ɗin JavaScript da ake kira jQuery ɗungurungum, abin da ya haura kilobait 80 ko an matse shi, ka manna a kan kowane shafi, wai don kada fayil ɗin ya ɓace a hanya in netwok ta yi rauni. Ka zama baƙon da duk zuwan da zai yi sai ya taho da turminsa da taɓaryarsa da katifarsa, ko da gaisuwa ce ta kawo shi. Uban da ke ƙauye, wanda ya hau tudu yana ɗaga waya sama don ya ga ko ɗansa ya ci lissafi, shi ke biyan kuɗin dakon turmin nan, shafi bayan shafi. Yanzu sau ɗaya yake biya.

Wannan duk na asarar kuɗi ne, ana iya haƙuri. Abin da ya hana ni barci daban ne.

Akwai akwatin da malamin aji ke rubuta sharhi a kan ɗalibi, irin su "yana da ƙoƙari amma ya cika surutu." A kwafin gwaji da ke kwamfutata, maimakon sharhi sai na rubuta ɗan umarnin JavaScript a akwatin, na adana. Da na buɗe sakamakon yaron kamar yadda ubansa zai buɗe, sai ga sanarwa ta faɗo tsakiyar allo: Injiniya ya ci bashin shara. Na yi dariya har na ƙware, sannan jikina ya yi sanyi. Wanda ya iya sa shafinka ya yi maka ba'a ya iya sa shi ya ɗora fom na ƙarya a gaban uba, ya ce shigar da kalmar sirri, ko lambar kati. Burauza baiwar Allah ce, ba ta san muryar maigida ba. Duk umarnin da ta tarar a cikin shafi ɗauka take na mai shafin ne.

Ba yau aka fara ba. A Oktoban 2005 wani saurayi ɗan shekara 19 a Amurka, Samy Kamkar, ya ɓoye irin wannan kod a shafinsa na MySpace. Duk wanda ya leƙa shafin, ba da saninsa ba sai ya aika masa da neman abota, kod ɗin kuma ya kwafi kansa zuwa shafin mai leƙen, ya jira na gaba. Cikin kamar awa 20 ya tara sama da mutum miliyan ɗaya, dole MySpace ta rufe ƙofa ta yi wanki. Su fa sun sa matattara da ke tsince kalmar javascript daga abin da mutane ke rubutawa, yaron ya raba kalmar gida biyu a layi biyu, matattarar ba ta gane ta ba, burauza kuwa ta haɗa ta karanta. Su ke nan da suka sa matattara. Kai ko rariya ba ka sa ba.

Maganin farko shi ne a wanke duk abin da baƙo ya rubuta kafin a nuna shi, a mayar da shi rubutu zalla wanda ba ya umartar kowa. Na yi wannan. Amma ɗan Adam ajizi ne, balle ɗan kawu, wata rana za a manta akwati ɗaya. Don haka aka ƙirƙiro katanga ta biyu, dokar tsaron shafi da ake taƙaitawa CSP, wadda Firefox ta fara aiki da ita a 2011. Kamar maigadi ne aka ba takarda: kada ka karɓi umarni sai wanda ya fito daga ɗaki kaza da ɗaki kaza. Da zarar an kafa ta, duk kod ɗin da ke warwatse a tsakar shafi burauza ba ta kula shi, na ɓarawo ne ko na maigida. To ka ga inda shara ta zama dole. Muddin kai ma a tsakar gida kake tsayawa kana ƙwala umarni, ba yadda za a ce wa maigadi ya toshe kunne. Na ga alamar ka taɓa gwada dokar, komai ya tsaya cak, sai ka nemo kalmar da ke buɗe ƙofa ka saka, 'unsafe-inline'. Waɗanda suka raɗa mata suna sun sa gargaɗin a cikin sunan, rabin farko cewa yake babu aminci. Ka ɗauki maigadi, ka biya shi albashi, ka ce masa kowa ya zo ya shiga.

Yanzu, tun da Kawu na karantawa kuma shi ya koya mana faɗin gaskiya, bari in faɗi nawa. Garin gyaran gira na kusa tsone ido, ba sau ɗaya ba.

Ranar farko na kwashe kod ɗin biyan kuɗi na zuba a fayil na sa masa suna biya.js, na koma na jingina ina jin kaina. Na danna maɓallin biya, shiru. Ashe a tsakiyar JavaScript ɗin ka dasa ɗan PHP da ke cike kuɗin zango na kowane ɗalibi. A cikin shafi, saba ce ke cike gurbin kafin ta aiko. Fayil ɗin js kuwa ba ta buɗe shi, miƙa shi take yadda yake, sai burauza ta ci karo da baƙon harshe ta tsaya. Dole na bi ɗaya bayan ɗaya na ciro irin waɗannan, na rataya wa maɓallin adadin kuɗin a jikinsa kamar yadda ake liƙa farashi a jikin buhu, kod ɗin ya zo ya karanta daga can. Wuri 58. Na ƙirga, don yana cikin lissafi.

Na gama wannan, maɓallin ya sake mutuwa. Wannan karon na kira fayil ɗin tun a saman shafi, ya iso yana neman maɓallin da ba a riga an gina ba, kamar ɗan rakiyar amarya da ya zo ana kwaɓa ƙasar ɗaki. Kalma ɗaya ce maganin, defer, ma'ana sauko da shi amma ya jira a gama shimfiɗa shafin, kuma kowa ya bi layin da aka jera shi. Ni kuma don iyayi sai na fara sa 'yar'uwarta async, wadda ke cewa duk wanda ya riga isowa ya wuce, kamar 'yan adaidaita sahu in danja ta mutu. Wani lokaci jQuery ya riga, komai lafiya. Wani lokaci biya.js ya riga, ya tarar babu wanda zai jingina da shi. Ka san ciwon da ya fi wuyar magani shi ne mai zuwa yana tafiya. Yini guda na yi ina zargin kwamfutata.

Na ukun shi ya fi ban kunya, don a gaban mutane aka yi. Na ce wa burauza ta riƙe fayilolin nan shekara guda a rumbu, don tausayin data. Kwana biyu da ɗora aikin na gano kuskure, na gyara, na ɗora sabo. A wayata lafiya lau. Shugaban makaranta ya kira ya ce har yanzu yana nan yadda yake. Na ce an gyara, ya ce ba a gyara ba, muka yi ta yi kamar masu musun ganin wata. Ashe kwamfutarsa biyayya take mini, ta riƙe tsohon tana jiran shekara ta cika. Tun daga ranar kowane fayil yana ɗauke da 'yan haruffa a sunansa da ke canzawa duk sanda cikinsa ya canza, burauza ta ga baƙon suna ta sauko da shi. Wannan ban sa maka a lissafi ba. Rabinsa kawai.

Na san abin da za ka ce, don ka riga ka fara faɗa ranar walima, bakinka cike da naman kaza. Wai ai React ma, da Facebook ta fitar a 2013, cakuɗa tsarin shafi take da JavaScript, kuma duniya na tafa mata. Haka ne. Amma su abin da suka haɗa wuri ɗaya suka ajiye shi da sunansa, mai bukata ya kira, kuma in an zo aikawa ga burauza a fayil yake tafiya. Dambu haɗi ne, kwaɗo haɗi ne, abin da kaji suka tona a bola ma haɗi ne. Za ka kuma ce kowane fayil tafiya ce ta daban zuwa saba. Da can wannan magana ce mai nauyi, shi kansa Souders ya yarda cewa shafin da mutum ke buɗewa sau ɗaya ya wuce yana iya fin sauri in kayansa na jikinsa. Amma tun da HTTP/2 ta zo a 2015 fayiloli da yawa hanya ɗaya suke bi tare, kuma iyayen makarantar nan ba shafi ɗaya suke buɗewa ba, mai 'ya'ya biyar sai ya zagaye gidan kaf.

Abu ɗaya zan ba ka kyauta, don kada a ce bawa ya fi ubangida rowa. Fayil na daban ba laya ba ne. A 2018 ɓarayi sun shiga shafin British Airways, ba su taɓa tsakar shafin ba, wani fayil ɗin JavaScript da kamfanin ya amince da shi suka buɗe suka ƙara masa layi 22, suka yi ta kwashe bayanan katin matafiya, kusan 380,000 a ƙidayar farko. Hukumar kare bayanai ta Birtaniya ta ci kamfanin tarar fam miliyan 20 a 2020. Maigadi ya bi takardarsa daidai, ɗakin da aka ce ya yarda da shi ne aka haura. Saboda haka na canza kalmar sirrin sabar, wadda na tarar sunan amarya ce da shekarar haihuwarta. Allah ya bar ƙauna, amma ba a nan ba.

Yau kod ɗin waya wuri ɗaya yake, waya.js, layi 12. In gobe an fito da sabon layi, mutum zai buɗe fayil ɗaya ya ƙara lamba uku ya koma ya sha shayinsa. Uban nan mai 091 ya biya kuɗin zango, har ya aiko a gode wa Injiniya. Injiniya!

Ba wannan ne ya fi ƙona mini rai ba. Ka san Git, manhajar da ke adana tarihin kod, na da umarnin da ke nuna wanda ya rubuta kowane layi, sunansa ma blame, wato ɗora laifi. Kafin in taɓa aikin, ko'ina aka duba sunanka ne, layi bayan layi, kamar rajistar masu bashi. Da na kwashe kayan zuwa sababbin fayiloli, sai Git ta ɗauka ni na haife su. Yanzu duk wata kwamacala da ka rubuta ƙarfe biyun dare, har da wani abu da ka raɗa wa suna abu2_sabo_final, sunana ne a gefenta. Akwai harafin da ake ƙarawa, C babba, ya bi sawun layi zuwa gidan da ya fito, amma wa ke tunawa da shi? Wanda zai gaje mu a aikin nan zai buɗe ya ce wane ne wannan, Allah ya shirye shi, kuma ni yake nufi. Na share maka ɗaki, na kuma fito da ƙurar a kaina.

Ga lissafi. Shara kwana tara. Tsince PHP wuri 58. Rabin kunyar da na sha gaban shugaban makaranta. Ɗaukar zunubin da ba nawa ba, wannan sai Kawu ya yanke da kansa. Wutsiyar ragon layya da na san amarya ta adana don cika-ciki, duka, ba rabi ba, kuma kada a ce mini mage ta ɗauke kamar bara. Ranar goma ga wata zan zo bayan la'asar, ka ce wa amarya ta ƙara hannu a tuwo.

Af, na kusa mantawa. Ina cikin shara na ɗaga tabarma na ga CSS ɗinka. Kowane maɓalli da launinsa rubuce a goshinsa, kore iri goma sha ɗaya a shafi guda, wani kamar ganyen zogale, wani kamar miyar kuka ta kwana. Na mayar da tabarmar na rufe yadda na same ta. Wannan sharar baɗi ce, kuma ita sai an ba da kafin alƙalami.